Tuddan Doya a Maitama

Bana azumi ya sake faɗowa cikin bazara. Jiya da azahar ina zaune a gindin mangwaro, a bakin titin da nake sayar da shukar fulawa kusa da Kado a Abuja, leɓena ya bushe har yana tsagewa, sai na ga maƙwabcina ya kunna inji, ya ja tiyo ya ajiye a ƙasa, ya koma gefe yana waya, ruwa yana malala har kan kwalta. Raina ya ɓaci, na tashi na kashe masa. Ya ce mini ai rijiyar burtsatse ce, ba ta ƙarewa. Na koma wurin zamana, don da azumi a bakina, kuma ko na yi bayani ba zai gane ba. Rabon da azumi ya zo cikin irin wannan zafi ya fi shekara talatin, kuma a wancan karon da buta aka yi mini ban ruwa.

Sunana Tanko. Mutumin Yangoji ne ni, can ƙasar Kwali, kuma noman doya na gada. Shekarar da gwamnati ta tattara nata ya nata ta bar Legas ta dawo Abuja, gonar ubanmu ta yi mana kaɗan, mu huɗu ne maza, kowa da iyali. Na bar matata Ladi a gida, na shigo gari neman aikin lebura. Sai na tarar masu nema sun fi aikin yawa. Kwana tara ina yawo daga wannan gini zuwa wancan, har ƙafa ta kai ni Maitama.

Maitama ta lokacin ba wannan da kuka sani ba ce. Gida ɗaya an gama, uku suna rabi, sauran duk daji ne da jar ƙasa da katafila ta kankare. Zabin daji suna tsallaka titi da rana tsaka. Na tsaya a ƙofar wani gida da aka gama na roƙi ruwan sha. Maigadin wani dattijo ne ɗan Katsina, Baba Iro. Ya ba ni ruwa, ya dubi tafin hannuna, ya tambaye ni ko na iya shuka. Na yi dariya. Tun ina shekara bakwai nake riƙe fartanya, wai ko na iya shuka.

Haka na zama gadina, wato mai kula da shuke-shuke, a gidan Alhaji da matarsa Hajiya Bilkisu. Dukansu ma'aikatan gwamnatin tarayya ne da ƙaura ta taso su daga Legas. Hajiya da kanta ta kai ni bayan kicin, ta nuna mini gwangwanayen madara sittin a jere ƙarƙashin rumfar kwano, kowanne da ɗan tsiro mai ganye kore shar, tsawonsa bai wuce taki ɗaya ba. Ta ce sunansa iksora. Rani da damina ba ya zubar da ganye, kuma idan ya girma yana yin jan fure dunƙule-dunƙule. A gidan gwamnati da suka zauna a Legas ta dasa shi tun tana amarya, ya zama mata shinge, a bayansa 'ya'yanta suka yi rarrafe suka yi tafiya. Da aka ce su bar gidan, sai ta yanko rassa ta kafa a gwangwani, ta sa aka ɗora su a mota ɗaya da kujeru.

Na tambaye ta ko ana cin 'ya'yansa. Ta ce a'a. Na ce ko ana magani da saiwarsa. Ta ce a'a.

"To, Hajiya, na mene ne?"

"Na kallo ne, Tanko."

A raina na ce mutanen birni dai ƙoshi ne ke damunsu, amma tunda a kan abin kallon za a ba ni abinci da wurin kwana, ba ni da ta cewa.

Matsalar ita ce Alhaji ba ya son shinge. Katangar bulo yake so, doguwa, ya huta. Sun yi ta ja-in-ja har suka tsaya a kan magana ɗaya, kuma a gabana aka yanke ta: a dasa fulawa a gaban gida, idan Sallah ta zo shukar ta kama, shi ke nan, idan ba ta kama ba birkila ya ja katanga. Alhaji ya dube ni ya ƙara da cewa gidan da ke da katanga ba ya buƙatar gadina. Ba da mugunta ya faɗa ba, mutum ne da ba ya ɓoye-ɓoye. Amma na gane. Idan tsiron nan ya mutu, Yangoji zan koma hannu rabbana, in zauna a gefen gonar yayyena.

Na gaya wa Hajiya gaskiya, cewa babu manomi mai hankali da ke dashe a wannan lokaci. Sanyi ya wuce, zafi yana shigowa, ruwan sama kuma da saura. A bari sai an yi ruwan fari. Ta ce ba za a iya jira ba, in ba a tare layin da shuka ba birkila zai haƙa tushe a wurin. Washegari ofis ya tura ta Legas kwaso sauran takardu, tafiyar mako guda. Abin da ta bar mini kawai shi ne in jera su a bakin titi, daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Da na sa galma a wurin, ƙara ta yi mini. Ƙarƙashin jar ƙasar babu komai sai ɓaraguzan gini: busasshen siminti, guntayen bulo, ƙusoshi, har da tsohon takalmi. Ko ƙaya ba za ta yarda ta fito a nan ba. Sai na yi abin da na iya. Na ari baro a wurin leburorin ginin da ke kusa, na dinga gangarawa kwari ina ɗebo baƙar ƙasa daga bakin rafi. Kwana huɗu ina jigila. Sannan na tara ta tudu-tudu, kowanne ya kai gwiwa, yadda muke yi wa doya. Na fasa gwangwanayen, na dasa tsiro ɗaya a kan kowane tudu. Na yanko busasshiyar ciyawa na rufa wa kowanne a kai, na danne da hoge don kada iska ta kwashe. A wurinmu hula muke ce wa wannan, ita ke hana rana dafa irin doya a cikin ƙasa. Na ja da baya na duba aikina. Tudu sittin a jere, kowa da hularsa, ko a Yangoji sai an yaba mini.

Ranar da Hajiya ta dawo, motar ba ta ma shiga gida ba ta ce direba ya tsaya. Ta fito, ta cire tabarau, ta dubi layin daga farko har ƙarshe.

"Tanko, mene ne wannan?"

"Fulawa ɗin ki ne, Hajiya. Na shuka shi duka."

"Gona ka yi mini a ƙofar gida? A Maitama?"

Wallahi sai a lokacin na lura cewa gidan da ke tsallaken titi su ma sun yi dashe, kuma ba haka suka yi ba. Wani ɗan kwangila mai takardar makarantar gona ne ya yi musu. Ya ja igiya, ya haƙa dogon rami miƙaƙƙe, ya jera tsiron a ciki daidai da ƙasa, tsaf kamar ɗinkin tela. Nawa kuwa ga shi nan tsibi-tsibi. Kafin magariba direbobin unguwar sun raɗa wa gidanmu suna, wai gidan doya. Wani har ya tsaya yana tambayata nawa zan sayar masa da ƙwarya idan an yi girbi.

Hajiya ta ce in baje su. Na ce mata ranki ya daɗe, saiwar da aka taɓa sau ɗaya cikin wannan zafi, in aka sake taɓa ta, ta tafi ke nan. Ta tsaya tana tunani, ta san gaskiya na faɗa. Ta ce to, a bar su, amma in sani ita da ni yanzu jirgi ɗaya muke ciki. Alhaji kuwa da ya dawo ya gani, dariya ya yi har da riƙe ƙofar mota, ya shige abinsa.

A makon farko na gane wautata. A Yangoji sama ce ke yi wa tudu ban ruwa, ni ban taɓa zuba wa shuka ruwa da hannuna ba tun da aka haife ni. Tudu kuwa an yi shi ne don ruwa ya zame. Duk bokitin da na zuba sai ya gangara ta gefe ya bi titi, saman ya zauna a bushe. Ga ruwan ma babu. Famfo sau biyu yake zuwa a mako, wani lokacin tari kawai yake yi ya yi shiru. Abin da tanka ta kawo na girki ne da wanka, ba ni da hurumi a ciki. Tsiro huɗu suka mutu a idona. Na ɗauki ruwan wanki na zuba wa wasu biyu, sabulu ya ƙarasa su. Shida ke nan, kuma ko azumi ba a fara ba.

Na zauna na yi tunani irin na wanda ba shi da wurin zuwa. Na ɗaga hulunan ɗaya bayan ɗaya, na fafe saman kowane tudu da hannu ya zama kamar akushi, tsiron a tsakiya, sannan na mayar da hular. Yanzu ko kofi ɗaya aka zuba zai zauna ya nutse, ciyawa kuma ta hana rana shanye shi. Saura inda zan samo kofin.

Aka ga wata. Ban taɓa azumi irin wannan ba. Tun hantsi duwatsun da ke kewaye da garin suke ɗaukar zafi, da azahar su dawo da shi. Iska ba ta motsi. Kwalta tana laushi a ƙarƙashin silifa, ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Bayan sallar asuba nake zagayawa da ɗan ruwan da aka wanke shinkafa da wanda aka ɗauraye kofuna, in raba musu kamar magani. Zuwa la'asar ganyen duk ya sunkuya, ni ma na sunkuya. Nakan tsaya da kofi a hannu, maƙogwarona yana ƙuna, ina zuba wa itacen da ba a ci ruwan da ni aka hana ni sha. Na yi fushi da shi ba sau ɗaya ba, har zaginsa na yi da yarenmu.

Ranar huɗu ga azumi ina zaune a ƙofar gida sai idona ya faɗa kan inda Baba Iro yake alwala. A duk titin nan babu ɗanyar ciyawa ko ɗaya, amma a gindin dutsen da yake zama ciyawa ta fito lif, har da kwaɗo a ciki. Na dubi wurin, na dubi tuddaina. Na ce masa, Baba, don Allah daga yau ka dinga yin alwalarka a kan fulawa. Ya ce ruwan alwala ai mai tsarki ne, babu laifi, sai dai shi mutum ɗaya ne, sallah biyar ce, tudu kuwa hamsin da huɗu.

Shi ne ya tuna mana da leburori. Gine-gine uku ake yi a layinmu, kowanne da tankar da ke cika musu durom saboda kwaɓa siminti. Musulmin cikinsu sun fi ashirin, kowa sai ya raɓe a bayan tulin yashi ya yi alwala, ya shimfiɗa buhun siminti ya yi sallarsa shi kaɗai. Akwai wata ɗorawa da katafila ta tsallake daf da kusurwar gidanmu. Muka share gindinta, muka jera duwatsu muka fitar da alƙibla, Hajiya ta ba mu tabarmi biyu. Na bi tuddan na ajiye guntun bulo a gaban kowanne don zama. Da azahar ta yi, Baba Iro ya sa hannu a kunne ya kira sallah da muryar da ban san yana da ita ba.

Mutum bakwai suka zo ranar farko, kowa da butarsa. Na tare su na gaya musu dokar wurin: ka ɗaga hula, ka yi alwala a cikin akushin, ka mayar da hula. Suka yi ta dariya, amma suka yi. Kafin mako ya zagayo sun haura ashirin, Kanawa da Nufawa da Yarabawa da mutanenmu. Inuwa da jam'i suka jawo su, ni kuma ina tsaye ina nuna wa kowa tudun da ke jin ƙishi. Ba a daɗe ba abin ya koma gasa. Kowa ya zaɓi nasa biyu ko uku, yana cika baki wai nasa ya fi na wane ganye. Akwai wani kafinta Kirista da ya ce shi ba za a bar shi a baya ba, kullum da yamma sai ya zo ya wanke fuska da ƙafa a kan na ƙarshen layi.

Wata Asabar da la'asar Alhaji ya leƙo ya ga maza sun fi ashirin a tsugune a ƙofar gidansa, kowa ya sa fulawa a gaba. Na ce a raina yau kam kora ce. Ya koma ciki, sai ga shi ya fito da buta, ya naɗe hannun riga.

"Tanko, wanne ne ba shi da mai shi?"

Na nuna masa. Ya zauna a kan guntun bulo da farar shaddarsa, ya ɗaga hula ya yi alwala, ya mayar. Da ya miƙe ya ce mini kada in ɗauka ya canza magana, ya riga ya sa a buga bulo. Na ce na ji, Oga.

Yanzu in ka bi Maitama, kowane gida da burtsatsensa, ruwa yana feshi da kansa a kan ciyawa ko da mai gidan yana ƙasar waje, katanga kuma ta fi mutum biyu tsawo, ba ka ma ganin abin da aka shuka. Na yi aiki a irin waɗannan gidaje daga baya, kuma na ji daɗin sauƙin. Sai dai ban ƙara sanin shuka ɗaya-ɗaya yadda na san waɗancan ba. Na san wanda ya fi saurin sunkuyawa, na san wanda tururuwa ke damu, na san na Malam wane ne.

Ana saura kwana shida Sallah komai ya rushe. Aka tashi leburori hutu, kowa ya ɗaure kayansa ya nufi garinsu, tankokin suka daina zuwa. A makon nan kuma famfo ya ɗauke gaba ɗaya. Masallacinmu ya koma ni da Baba Iro. Washegari tifa ta zo ta sauke bulo a gefen titi, daidai gaban tuddaina, aka jera shi har ya fi ni tsawo.

Babu abin da ya rage sai rafin kwari, shi ma ya ƙafe, sai ka tona yashi ka jira ruwa ya taru. Tafiyar da nisa, dawowar kuma hawa ce. Ranar farko na yi sawu biyar da bokiti biyu. A sawu na shida idona ya rufe a tsakiyar hawan, na farka na ga bokiti ɗaya ya kife, ƙasa ta shanye shi. Na zauna a wurin na yi kuka, ni da gemuna. Ba don gajiya ba, tsoro ne ya kama ni, don na riga na ga kaina ina sauka daga mota a Yangoji.

Baba Iro ne ya ce in aika gida. Na ba wani direban motar doya saƙo, kwana biyu sai ga Ladi da ƙatuwar ƙwaryarta. Ladi 'yar coci ce, ba ta azumi, kuma a ɗaukar kaya ban ga wanda ya kama ƙafarta ba. Matanmu ba sa ɗora kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka. Ta tsaya ta ƙare wa tuddan kallo, ta ɗaga hula ɗaya, ta tambaye ni ina doyar. Na ce babu doya. Ta ce wato na bar gonar ubana na zo birni ina yi wa ganye bauta, kuma har na kira ta ta taya ni. Ta yi tsaki, ta saɓa ƙwarya, ta ce in nuna mata rafin.

Muka raba aiki. Ni ina ƙasa ina tona yashi ina cika mata, ita tana hawa. Baba Iro yana sama yana karɓa, yana rabawa da gwangwani, biyu-biyu ga kowane tudu. Hajiya in ta dawo daga ofis sai ta tuɓe takalmi ta karɓi gwangwanin daga hannunsa. Direbobin da suka yi mana dariya suna zaune a kan motoci suna kallon mace da ƙwarya a kafaɗa tana hawa da sauka, har ɗayansu ya ji nauyi ya kawo mana jarka biyu a bayan mota. Da magariba Hajiya takan aiko da kunu da ƙosai, mu zauna a gindin ɗorawa. Kafaɗar Ladi ta saɓule, na shafa mata man kaɗe tana zagina a hankali. Duk da haka wasu biyar suka tafi.

Ranar Sallah, bayan an sauko daga idi, Alhaji ya bi layin da babbar rigarsa, Hajiya tana bayansa, ni ina bayanta. Gaskiya abin ba kyan gani. Yawancinsu sun zubar da rabin ganye, wasu kamar tsinken tsire. Ya tsaya a kan wani ya ce wannan ai ya mutu. Na durƙusa na kankare bayan reshen da farce, kore ya bayyana, ɗanye. Ya nuna wani, na kankare, kore. Haka muka yi har ƙarshen layi, arba'in da tara suna da rai. Ya ce rai daban, kamawa daban, shi bai ga sabon ganye ko ɗaya ba. Amma birkila ya tafi Sallah, sai bayan mako zai dawo, don haka muna da mako.

Kwana huɗu babu ko gajimare. A na biyar, da la'asar, zafin ya yi wani irin nauyi, tsuntsaye suka yi tsit. Ladi ce ta fara ɗaga hanci ta ce tana jin ƙanshin ƙasa. Na duba gabas, sama ta yi baƙi ƙirin a bayan duwatsu. Na ruga na bi tuddan ina cire huluna, ina fasa bakin kowane akushi da yatsa don kada ruwa ya kwanta ya ruɓar da saiwa. Ban kai ƙarshe ba iska ta taso, kwanon wani gini ya tashi sama, sannan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Titinmu gangare ne, kuma ba a gama magudana ba. Duk ruwan unguwar ya biyo ta kansa, ja wur, da yashi da ragowar siminti. Dogon ramin da ɗan kwangila ya haƙa a tsallake shi ya zama kwata, ina kallo tsironsu yana tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ban yi murna da asararsu ba, Allah ya sani, amma ban iya ɗauke ido daga nawa ba. Ruwa ya kewaye tuddan ya wuce, kowanne yana tsaye da tsironsa a ka, ganyen yana rawa. Na tsaya cikin ruwan na buɗe baki ina sha. Baba Iro yana daga rumfarsa yana ta hamdala, Ladi kuwa ta kafa ƙwarya a bakin indararo tana dariya.

Kwana uku bayan haka na fito da safe na ga kan kowane reshe ya yi ja-ja, wasu 'yan ganye masu laushi kamar an ƙona su. Na ɗauka wata cuta ce ruwan ya kawo. Na je na buga wa Hajiya ƙofa na ce ta zo ta gani, fulawa ya kama ciwo. Ta fito da sauri, ta sunkuya, ta taɓa ɗaya da ɗan yatsa. Sai na ga hawaye a fuskarta.

"Tanko, toho ne. Haka sabon ganyensa yake fitowa."

Ta shiga ta jawo Alhaji da hannu, ko hula bai sa ba. Ya bi layin a hankali, har ya kai kan wanda ya taɓa yi wa alwala, ya ga shi ma ya yi toho. Ya ce ai dama nasa ya fi na kowa. Birkila ya iso a ranar da kayan aikinsa. Alhaji ya kai shi bayan gida, ya auna masa wuri da ƙafa, ya ce ya kwashe bulon nan ya gina ɗaki da ɗan baranda, gadina zai zauna da iyalinsa.

Damina ta kankama. Na dinga cike tsakanin tuddan da baƙar ƙasa har suka haɗe suka zama dandamali ɗaya, na binne rassa na cike gurbin waɗanda suka mutu. Leburori suka dawo, kowa ya wuce kai tsaye wurin nasa yana duba. Sunan gidan doya dai bai goge ba, har masu kawo wasiƙa da shi suke kwatance. Kafin kaka shingen ya kai ƙugu, ya fara jan fure, masu wucewa suna rage tafiya.

Wata safiya Hajiya ta kira ni ta miƙo mini wani ƙaton almakashi mai hannun katako, sabo fil. Ta ce lokacin aski ya yi, in rage masa taki guda daga sama, in daidaita gefe. Na karɓa, na je gaban shingen na tsaya. Na daɗe a tsaye. A gona ba ka yanke abin da ke girma, sai wanda ya nuna. Ta leƙo ta taga ta ga ban fara ba, ta fito.

"Me kake jira?"

"Hajiya, wannan ganye da azumi na same shi. Ba zan iya ba."

"In ba ka yanke ba zai yi tsawo ne kawai, ƙasansa ya zama fayau. Ni ma ranar da na fara sai da na rufe ido."

Ban rufe nawa ba. Na yi bisimilla, na sa almakashi a kan na farkon layi na datse, reshen ya faɗo a kan ƙafata da furensa. Na ci gaba har na kai kusurwa, amma ranar ban iya cin abincin rana ba. Bayan mako uku na bi layin ina dubawa, duk inda na yanke reshe biyu ne suka fito.